Tun Ran Gini Ran Zane: Tarihin Hanya da Yankan Filaye a Dogondutsi

Duk wanda ya bar Yamai ya nufi gabas bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, in ya wuce Doso ya cika tafiyar kimanin kilomita 275, zai hango wasu jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suna gadin wani gari. Wannan shi ne Dogondutsi, cibiyar ƙasar Arewa. Mutanen wurin Dogon Duci suke cewa, ko Duci a taƙaice, kuma daga bakinsu Faransawa suka ɗauko rubutun da muke gani a allunan hanya. A ƙidayar jama'a ta 1977 mazauna garin ba su cika dubu 15 ba. A ta 2012 kuwa sun kusa dubu 37. Garin da ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara 35 tilas ne ya ci gonakin da ke kewaye da shi. Abin da wannan maƙala za ta bi diddiginsa shi ne yadda hanya ta ɗaukaka garin, da yadda gona ta riƙa komawa filin gini, da kuma abin da aka manta a tsakani.

Kafin zuwan mota

Dogondutsi yana zaune cikin Dallol Mawri, wani tsohon kogi da ya ƙafe tun shekaru dubbai, wanda kwarinsa ya gangaro daga arewa zuwa kudu har ya faɗa kogin Kwara kusa da Gaya. A cikin wannan kwari ruwa yana kusa, rijiya ba ta da wuyar gina, gawo kuma yana tsaye cikin gonakin hatsi. A kan tudu kuwa sai marmara da geza da sabara. Saboda haka garuruwan Arewa suka jeru cikin kwarin kamar tsakiya a zare: Matankari, Dogondutsi, Kyeshe, Tibiri, Dumega, Geceme. Turbobin da ma haka suke, suna bin ruwa daga rijiya zuwa rijiya. Jakunan gishirin Foga suna haurowa daga kudu, makiyaya suna hawa arewa da damina su sauko da kaka, zumunci da ciniki kuma sun karkata wajen Kabi da Adar.

Ƙasar tana da tsarinta tun kafin a san takarda. Kamar yadda ruwayoyin baka suka nuna, waɗanda Marc-Henri Piault ya tattara cikin littafinsa na tarihin Mawri a 1970, Gubawa su ne masu ƙasa na farko, ƙarƙashin Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Sarauta ta zo daga baya, a hannun zuriyar da ke danganta kanta da Barno. Sarki yana mulkin mutane, mai ƙasa kuma yana riƙe da amanar daji da ruwa. Wanda ya fara saran daji ko ya gina rijiya, shi da zuriyarsa ke da wurin. Baƙo yana samun aro, ya riƙa kai ɗan damin shaida. An san burtali, an san makiyaya, an san tafkin da ba a noma bakinsa da kurmin da ba a sa masa gatari. Ba a zana wannan taswira a takarda ba, amma kowane dattijo yana ɗauke da ita a ka.

Hanyar da ta ja iyaka

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa neman hanya ne ya sa Arewa ta zama ta Nijar. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa sun ɗauki Sakkwato a matsayin cibiya, suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin, wato kimanin kilomita 160. Abin da ke cikin da'irar na Ingila ne, tsakiyar Dallol Mawri kuma ta zama iyaka a ɓangaren kudu. Waɗanda suka yi zanen a Turai ba su taɓa shan ruwan rijiyar Matankari ba. Da Faransawa suka tashi haɗa bakin Kwara da Damagaram, sai suka iske an bar musu hanyar arewa, ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke nesa da juna, ayari yana galabaita kafin ya kai.

Rundunar Voulet da Chanoine ba ta damu da da'irar ba. Ta ratsa Arewa a Afrilun 1899, ta gwabza da mayaƙan Sarauniya Mangu a Lugu, ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, kafin ta wargaje kusa da Tasawa cikin watan Yuli. Bayan haka Faransa ta matsa lamba a sake zanen iyaka. Yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 ta yi gyara na farko, har ta ambaci turbar Doso zuwa Matankari da suna. Ta 29 ga Mayu 1906 ta ƙara tura iyakar kudu, sannan tawagar Kyaftin Tilho da takwaransa na Ingila, O'Shee, ta bi ƙasa tana kafa duwatsun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Da haka Faransa ta samu hanya mai ruwa daga Doso zuwa Ƙonni, Maraɗi da Damagaram. Da haka ne kuma aka raba Arawa gida biyu, wasu a nan, wasu a wajen Kangiwa cikin jihar Kabi ta yau.

Sabuwar hanya ta taso daga yamma ta nufi gabas, ta gicciye tsohon layin arewa da kudu. Inda layukan biyu suka haɗu, nan ne alheri ya sauka. A farkon ƙarni na 20 Nasara ya kafa barikinsa a Dogondutsi, kujerar Sarkin Arewa ma ta bar Matankari ta dawo nan. Lugu da Bagaji, waɗanda suka riƙe asirin ƙasar ɗaruruwan shekaru, suka zama ƙauyukan bayan hanya.

Da gumin wa aka yi ta?

Daga 1911 Damagaram ce hedikwatar mulkin Nasara, a 1926 aka maido ta Yamai. Ko ta ina aka duba, hanyar da ke tsakanin biranen biyu ita ce ƙashin bayan mulkin, kuma babu injin da ya share ta. Talakawa ne suka yi ta da gatari da kwando, ƙarƙashin dokar aikin dole da ta wajabta wa kowane baligi wasu kwanaki a shekara ba tare da lada ba. Kwamanda ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya aika wa masu gari, gardi ya tsaya da bulala. A sare itace, a cire kututture, a ɗauko marmara a ka daga gindin dutse a zuba a daɓe. Damina ta zo ta wanke, da kaka a sake komawa. Ga bodo ana biya, ga ɗaukar kayan Nasara daga zango zuwa zango. Iyalai da yawa sun gwammace su ƙetare iyaka su koma wajen ƴan uwansu na ƙasar Ingilishi, musamman lokacin yunwar 1931 da ta addabi yammacin Nijar. Sai a ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin dole a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Wannan tarihi bai mutu ba a zukatan Arawa. Adeline Masquelier, masaniyar al'adu da ta daɗe tana bincike a Dogondutsi, ta wallafa nazari a 2002 bisa labaran da mutanen wurin ke bayarwa game da hanyar. Ta nuna yadda ake danganta haɗurran mota da iskokin da aka rushe wa mazauni lokacin da aka sare itatuwa aka fasa duwatsu. Ko mutum ya yarda da iskoki ko bai yarda ba, akwai hujjar tarihi cikin waɗannan labarai: an ratsa ƙasa ba tare da an tambayi masu ita ba, jama'a kuma sun adana wannan ƙorafi cikin harshen da suka iya.

Kwalta ta juya fuskar gari

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gyaran tsarin mulki na 1964 ya tabbatar da Dogondutsi a matsayin shelkwatar gunduma cikin yankin Doso. An shimfiɗa wa hanyar Yamai zuwa Damagaram kwalta kashi-kashi cikin shekarun 1960 da 1970, daga baya aka kai ta har Gigimi, aka riƙa kiranta hanyar haɗin kan ƙasa. Da aka buɗe ma'adinan yuraniyom a Arlit, manyan motocin da ke tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka riƙa bi ta Gaya, Doso, Dogondutsi da Ƙonni kafin su haura Tawa. Garin ya zama zangon direbobi.

Tsohon gari irin na Hausa yana fuskantar cikinsa: ƙofar fada, masallaci, rijiya, da lunguna masu lanƙwasa waɗanda suka bi zumuncin gidaje, kamar yadda ake gani a tsofaffin unguwanni irin su Konawa. Kwalta ta juya wannan fuska waje. Tasha, shaguna, masu gyaran taya, masu tsire, ofisoshin gwamnati da gidajen mai duk suka yi layi a bakin titi. Taku goma a bakin kwalta suka fi ƙadada guda a bayan gari daraja. Haka abin ya faru a Koremairuwa da Dankasari, waɗanda hanya ta ratsa, alhali garuruwan da ta kauce wa suna tafiyar hawainiya. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka ƙara koro mutanen karkara zuwa inda motar taimakon abinci ke tsayawa. Adadin mazauna garin ya haura dubu 20 a 1988, ya kai wajen dubu 29 a 2001.

Daga gona zuwa fili

Garin da ke girma yana bukatar wurin zama, wurin kuma gonar wani ce. Hanyar da hukuma ta gada daga Nasara ita ce lotisma, wato yankan filaye. Mai awo ya zo da na'urarsa, ya ja layuka miƙaƙƙu, ya raba gonaki kare-kare, ya kafa duwatsun siminti a kusurwa huɗu. A kan taswira ana ware tituna, da filin lakwal, da na likita, da na kasuwa, da wurin shan iska. Masu gonaki a ba su wani kaso na filayen a matsayin diyya, saura hukuma ta sayar, mai saye ya karɓi takardar mallaka.

Dokokin da ke bayan wannan aiki sun sha canji. Dokar 1961 ta bai wa hukuma ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a bisa sharaɗin biyan diyya, aka kuma yi mata gyara a 2008. A Disambar 1974 Seyni Kunce ya shelanta cewa gona ta mai nomanta ce, maganar da ta faranta ran masu aro, ta kuma haifar da shari'u tsakaninsu da masu gado waɗanda wasu suka ɗauki shekaru ba su mutu ba. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kawo babban sauyi: ta amince cewa mallakar gargajiya tana da ƙarfi daidai da mallakar takarda, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo, da daga baya suka sauka har matakin kwamin da ƙauye. A 2006 aka fito da takardar mallaka mai sauƙi, aka raɗa mata sunan Hausa, Sheda. Dokar 20 ga Mayu 2010 kuma ta kare burtali da makiyaya daga masu son mayar da su nasu.

Sai dai zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004 ya zo da wani abu da ba a yi masa shiri sosai ba. An miƙa wa kwamin nauyi mai yawa, kuɗin shiga kuwa kaɗan, haraji ba ya shigowa yadda ya kamata. A faɗin ƙasar, yankan filaye ya zama saniyar tatsa mafi sauƙi. Ita kanta gwamnati, a farkon shekarun 2000, ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye, malaman makaranta da dama sun san wannan zance. Fili ya tashi daga wurin gina gida ya koma ma'ajiyar kuɗi. Illar abin iri ɗaya ce a garuruwanmu masu tasowa: a yanka filaye fiye da bukata, su shekara goma ba gini ba noma, a zana titi a takarda ba a tanadi magudanar ruwa ba, filin da aka ware wa lakwal ya riƙa ƙanƙancewa har ya ɓace. Manomin da aka bai wa filaye diyya yakan sayar da su ɗaya bayan ɗaya, don biki ko don cimaka lokacin bazara, ranar da na ƙarshe ya tafi sai ya waiga ya ga ba gona ba kuɗi. Mata da ƙannai, waɗanda ke da haƙƙi cikin gandun gida amma sunansu bai hau takarda ba, su ne kan fara yin asara.

A Dogondutsi lamarin ya fi tsanani saboda yanayin wurin. Duwatsu sun tokare garin ta wani ɓangare, don haka faɗaɗarsa ta fi sauƙi cikin kwari, inda yashi ke da laushi, ruwa kuma ke kusa. Wannan kwarin kuwa shi ne ƙasar noma mafi kyau a yankin, shi ne wurin lambunan rani da suka sa dankalin turawa na Duci ya yi suna. Duk ƙadadar da aka zuba wa siminti a nan, an cire ta ne daga rumbun gari.

Ruwa ya nemi turbarsa

Mai awo yana son layi miƙaƙƙe, ruwa kuwa gangare yake bi. A shekara ana samun ruwan sama kimanin milimita 500 zuwa 600 a wannan yanki, amma cikin ƴan watanni yake zuba, wani lokaci kaso mai yawa a dare ɗaya. Da can itatuwan kan tudu suna rage masa gudu. Da gari ya girma, bukatar itacen girki ta aske tudun, ruwan ya riƙa sauka bisa marmara tsirara, ya taru cikin ƙoramu, ya kwaso yashi ya nufo gidaje. Ita ma hanyar kwalta, da yake an ɗaga ta sama da ƙasa, takan zama madatsa idan kafofin da aka bar wa ruwa a ƙarƙashinta sun yi kaɗan ko yashi ya toshe su. Gidan da aka gina a tsohuwar turbar ruwa kuwa, ko da takardar hukuma a hannun mai shi, ruwa bai iya karatu ba.

Bayan ambaliyar da garin ya sha a farkon shekarun 2000, jama'a sun fahimci cewa maganin yana can bisa tudu. Da haɗin gwiwar ma'aikatar magajin gari, da ƙungiyar RAIL-Niger, da abokan hulɗa na garin Orsay na Faransa, aka jera duwatsu a gangaren tsaunuka, aka yi shingaye masu tace ruwa cikin ƙoramu domin ya rage gudu ya nutse cikin ƙasa. Abin lura a nan shi ne, jikokin waɗanda suka ɗauki marmara a ka bisa tilas don hanyar Nasara, su ne suka ɗauki dutse da yardarsu don kare gidajensu. Amma irin wannan aiki yana son kulawa kowace shekara. Daminar 2024, wadda ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar har ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, ta tuna wa kowa cewa rigakafi ya fi magani.

Tibiri da abin da ke gaba

A 2011 aka cire Tibiri, garin Samna, daga gundumar Dogondutsi aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta, tare da Dumega, Geceme da Koremairuwa. Duk garin da ya zama shelkwata yana jawo ofisoshi, ma'aikata, masu haya da masu neman fili. Tibiri na tsaye yau kusa da inda Duci ta tsaya shekaru 50 da suka wuce, cikin kwari mai cunkoson jama'a wanda gonakinsa suka riga suka ƙanƙance saboda rabon gado. Ga kuma bututun man fetur na Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya fara aiki a 2024, ya ratsa gonakin yankin, wani sabon layi ke nan da aka zano daga nesa. Tibiri tana da damar da Duci ba ta samu ba, wato ta ga abin da ya faru da maƙwabciyarta kafin ta yanka nata filayen.

Kayan aiki suna nan. Jihar Doso ce ta fara samun kundin tsara amfani da filaye a duk faɗin ƙasar, a 2018, kundin da ya tantance gonaki, makiyaya, burtali da dazuzzuka. Tun Afrilun 2024, da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da kwamin-kwamin, abin da ya ƙara wa sarakuna, ƙungiyoyi da masu ilimi nauyin sa ido bisa duk wani sabon yanka. Kundin mulki na Maris 2025 kuma ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa. To, in haka ne, babu dalilin da zai sa manomin da za a yanka gonarsa ya tsaya gaban taswirar da aka rubuta da harshen da bai sani ba, ya dangwala yatsa bisa abin da ba a karanta masa ba.

A nan ne aikinmu yake, mu malamai da ƙungiyoyin al'adu. Taswirar da dattawa ke ɗauke da ita a ka tana tafiya kabari tare da su. Kowane aji na sakandare zai iya ɗaukar unguwa guda ko ƙauye guda, ɗalibai su zauna gaban tsofaffi su rubuta sunayen tafkuna da ƙoramu, inda burtali ya bi, inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar babbar damina, da gidan da ya fara saran kowane daji. Wannan darasin tarihi ne da na harshe a lokaci guda, kuma shaida ce da za a iya ajiyewa gaban Kofo da mai awo ranar da aka zo kafa duwatsu. Sunan wuri kansa yakan faɗi gaskiya: inda kakanni suka kira fadama ko tafki, ba wurin aza harsashi ba ne.

An yi shekara fiye da 120 ana zana wa Arewa layuka, daga da'irar Sakkwato zuwa kwalta, daga kwalta zuwa kare-karen lotisma. Wasu sun kawo arziki, wasu sun kawo kuka, mafi yawansu kuma an ja su ne ba a nemi shawarar masu wurin ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Unguwannin da jikokinmu za su zauna cikinsu, yanzu ake auna su, kuma gyaran layi a takarda ya fi rushe gida sauƙi.